Shayar Da Jarirai A Ƙasar Daura: A Kai Nasiha Inda Ake Yanke Shawara

A watan Yuli na shekarar 2025, ƙungiyar likitocin nan ta ƙasa da ƙasa da ake kira MSF ta ba da sanarwar da ta girgiza duk mai imani. Ta ce cikin wata shida na farkon wannan shekara yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina saboda tamowa, kuma yaran da ta yi wa magani a wannan ɗan tsakani sun kusa 70,000. Wannan kuwa lissafin waɗanda aka iya kaiwa gaban likita ne kaɗai. Waɗanda suka cika a bayan uwayensu a ƙauyuka, aka yi musu sutura kafin azahar, ba su shiga littafin kowa ba.

Tun kafin wannan sanarwa, binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kimanin yara shida cikin kowane goma 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Katsina sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, alhali kuwa a Nijeriya baki ɗaya abin kashi 37 ne cikin 100. Masarautar Daura, da ƙananan hukumominta biyar, watau Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, tana can ƙuryar arewa inda ruwan sama ke da ƙaranci, ƙasa kuma jigawa ce, saboda haka ba wanda zai ce wannan masifa ta tsallake ta. Tun a 2010 ƙungiyar Save the Children ta fara aikin jinyar yara masu tamowa a Daura da Zango. Shekaru sun shuɗe, ana ta jinya, yara kuma suna ta zuwa.

Ra'ayinmu a nan shi ne, muddin aka tsaya ga jinya, to, ana ɗiban ruwa ne da kwando. Tamowar da ake gani a asibiti ga yaro ɗan shekara ɗaya da rabi, galibi tun ranar haihuwa aka shuka ta, a cikin ɗakin mai jego, ta hanyar abin da aka ba jariri da abin da aka hana shi. Maganinta mafi araha shi ne nasiha a kan shayarwa da ciyarwa, a cikin unguwa, daga bakin wanda aka sani. Amma kuma nasihar nan ba za ta yi tasiri ba sai an kai ta wurin waɗanda ke da iko da jaririn, domin a gidan Bahaushe ba uwa kaɗai ke yanke wannan shawara ba. Sau da yawa ma ita ce ta ƙarshe da ake tambaya.

Bari mu fara da abin da masana lafiya suka tabbatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da abu uku. Na farko, a sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwarsa. Na biyu, a ba shi nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa, ba kunu, ba dauri, sai fa maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta. Na uku, daga wata shida a fara ba shi abinci mai gina jiki, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. A 2016 mujallar likitoci ta Lancet da ake bugawa a Ingila ta ƙiyasta cewa da duniya za ta bi wannan tsari, da an tsirar da rayukan yara fiye da 800,000 kowace shekara. A Nijeriya kuwa, jariran da ake ba nono zalla kashi 17 ne cikin 100 a 2013, suka hau zuwa kashi 29 a 2018. An ci gaba, gaskiya ne, amma ma'anar wannan adadi ita ce jarirai bakwai cikin goma ana haɗa musu da wani abu tun ba su isa ba.

Matan ƙasar Hausa ba su ƙi shayarwa ba. Da wuya ka sami macen karkara da ba ta shayar da ɗanta shekara ɗaya da rabi ko fiye ba, kuma wannan abin yabo ne wanda ƙasashen Turai da yawa ba su kai mu ba. Inda gizo ke saƙa shi ne wurare uku: kwanakin farko, batun ruwa, da lokacin yaye.

A kwanakin farko nono yakan zo da kauri, launinsa rawaya-rawaya, shi ne dakashi. A gidaje da yawa ana ɗaukarsa ƙazanta ko nono marar kyau, sai a tatse a zubar, a riƙa ɗura wa jariri ruwan ɗumi ko ruwan sukari ko nonon dabba har kwana biyu ko uku, wai sai nono ya wanku. A wasu wurare ma har gwaji ake yi, a tatsa a ɗan ƙoƙo a jefa tururuwa, in ta mutu a ce nonon mugu ne. To, dakashin nan shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa ɗan Adam. Cike yake da sinadaran da ke kare hanjin jariri daga ƙwayoyin cuta, yana kuma taimaka masa fitar da baƙin kashin nan na farko. Ƙarancinsa ba aibi ba ne, gama cikin jariri ranar da aka haife shi bai fi ɗaukar cokalin shayi ɗaya zuwa biyu a lokaci guda ba. Bugu da ƙari, tsotson da jariri ke yi shi ke kiran nono. Uwar da aka hana ta shayarwa kwana uku, nononta zai yi jinkirin kawowa, sai a ce ga shi nan, dama ba ta da nono, alhali kuwa hanin ne ya jawo haka.

Batun ruwa ya fi kowanne wuya, domin tausayi ne ke kawo shi. Wanda ya san zafin Daura a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, zai gane dalilin da ya sa tsohuwa ke ganin hana jariri ruwa rashin imani ne. Amsar da za a ba ta ita ce, kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa ne tatacce wanda ba ƙura ba ƙwayar cuta. In zafi ya yi yawa, abin yi shi ne a yawaita sa yaro a nono, uwar kuma ta yawaita shan ruwa. Ruwan randa da aka ba jariri yana ɓarna iri biyu. Yana cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, nono kuma ya ragu. Sa'an nan yana iya shigar masa da ƙwayoyin gudawa. Gudawa ta rage masa ƙarfi, rashin ƙarfi ya rage masa ci, rashin ci ya buɗe ƙofa ga wata cutar, haka abin zai yi ta zagayawa har a wayi gari dantsen yaro ya koma kamar sillen kara. Saboda muhimmancin wannan batu ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da gangami na musamman a 2019 a kan a daina ba jarirai ruwa kafin wata shida.

Wuri na uku shi ne daga wata shida zuwa yaye. A nan nono kaɗai ya daina isa, amma abin da aka saba ba yaro shi ne koko ko kunu tsararo, wanda ke cika ciki ba ya gina jiki. Ƙwai kuwa an ce yaron da ya saba da shi zai yi sata, sai a kai kasuwa a sayar. In uwa ta sami ciki tana goyo, nan take a cire yaro daga nono don kada ya sha ciki, a shafa maɗaci, a kai shi gidan kaka rana ɗaya. Yaron da aka raba da nono da uwa a yini guda yakan ƙi abinci, ya yi ta kuka, ya rame. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa tana da ciki, in dai tana samun isasshen abinci, kuma yaye a hankali ya fi yaye na farat ɗaya.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, wa ke yanke shawara a waɗannan wurare uku? Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da ta yi haihuwar fari tana gidan iyayenta wankan jego, ko tana ɗakinta ƙarƙashin idon uwar miji. Ga kunyar ɗan fari, wadda kan hana ta ko ɗaukar jaririn a gaban manya. Ungozoma ce ta yanke cibi, kaka ce ke wanka, ita ke ɗura dauri. Maigida shi ke cefane, shi ke ba da izinin zuwa asibiti. To, in ma'aikaciyar lafiya ta tara masu ciki ranar awo ta yi musu bayani mai kyau, yarinyar nan ta ji ta kuma yarda, da wane baki za ta koma gida ta ce wa uwar mijinta, “Inna, kada ki ba shi ruwa”? Amsar da za ta samu kowa ya san ta: da ruwan nan aka goyi mijinki, ga shi kuwa ya girma. Nan magana ta ƙare.

Wannan shi ya sa muke cewa a sake alƙiblar nasiha. Tsarin ƙungiyoyin mata masu goyo da ke taruwa a unguwa suna koya wa juna ba baƙo ba ne a jihar nan. Shirin WINNN, wanda Gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsa tun daga 2011 a jihohin Katsina da Jigawa da Kebbi da Zamfara da Yobe, ya yi aiki da irin waɗannan ƙungiyoyi. Abin da ya kamata a ƙara shi ne a ba kakanni da ungozomomi nasu zama dabam, cikin girmamawa, ba a matsayin masu laifi ba. Tsohuwar da ta binne 'ya'ya uku cikin tara ta fi kowa sanin zafin rashin ɗa. In aka zauna da ita aka nuna mata yaron maƙwabta da aka goya da nono zalla, ta gan shi ɓul-ɓul, ta lissafa da kanta sau nawa aka kai shi asibiti, to, ita ce za ta zama mai tsaron ƙofa, ba mai iya kawo moɗa kusa da jikanta. Gani ya kori ji. Ungozoma kuma, tun da yake har yanzu mata da yawa a karkara a gida suke haihuwa, ita ce ke nan a sa'ar farko. In ta ce a sa yaro a nono kafin a ɗora ruwan wanka, ba mai musa mata.

Sai maza. Nan ne aikin malamai da limamai ya shigo, kuma ba a bukatar a aro hujja daga ko'ina. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, kuma a cikin ayar nan ce aka ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali. Watau shayarwa aikin mutum biyu ne, ɗaya na ba da nono, ɗaya na cika tukunya. Malaman tarihi sun kawo labarin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, wanda ya ji kukan wani jariri da dare a Madina, da ya bincika sai ya tarar uwar tana gaggauta yaye shi ne saboda baitulmali ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi. Da gari ya waye ya soke wannan ƙa'ida, ya ba da umurni a yanka wa kowane jariri kasonsa tun daga haihuwa. Darasin da ke ciki ga masu mulki a fili yake: tsarin hukuma yana iya raba yaro da nono, yana kuma iya mayar da shi. Huɗuba guda a kan wannan a masallatan Juma'a na ƙasar Daura, da 'yar nasiha a wurin raɗin suna inda maza ke taruwa da sassafe, za su kai inda takardar bango ba ta kaiwa.

Hanyar isar da saƙon kuwa tana nan a shimfiɗe. Daga fadar Mai Martaba Sarkin Daura zuwa hakimai, zuwa dagatai, zuwa masu unguwanni, babu gidan da sarauta ba ta san da shi ba. An gwada wannan hanya a yaƙi da cutar shan inna, musamman bayan da sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na kula da lafiya a matakin farko a 2009, kuma a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Matan da aka horar suna bi gida-gida a lokacin sun san kowace mai ciki da kowane sabon jariri a unguwanninsu. Hanyar da ta kai ɗigon rigakafi bakin yaro za ta iya kai magana kunnen kakarsa. Mai unguwa yana jin labarin kowace haihuwa kafin suna. Ba abin da zai hana ya tura mai ba da shawara gidan tun a ranar farko, ta koma a rana ta uku, ta sake komawa kafin a gama wanka.

Akwai masu cewa duk wannan zancen fatar baka ne, talauci ne ke kashe yara, nasiha kuwa ba ta cika tukunya. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Magidancin da geronsa ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka, in ka ce masa ya ba yaro ƙwai kullum, ka yi masa ba'a. Amma a duba abu biyu. Na ɗaya, wata shidan farko ba sa bukatar ko kwabo. Ba da dakashi kyauta ne, hana ruwa kyauta ne, kuma kuɗin da za a kashe wajen maganin gudawa ya tsira. Abin da za a saya, uwa za a saya wa. Na biyu, kayan da ake bukata bayan wata shida yawancinsu ƙasar Daura ke noma su: gero da wake da gyaɗa da riɗi, ga zogale da kuka da rama, ga nonon Fulani a kasuwa. Kunun gero mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, da aka haɗa da garin gyaɗa ko na waken suya da ɗan mai, ya ninka koko tsararo amfani. Yaro ɗan wata shida zuwa takwas a ba shi sau biyu ko uku a yini, daga wata tara sau uku ko huɗu, a kwanonsa shi kaɗai don kada yayye su cinye, da hannu wankakke. Wannan ilmi ne, kuma rashinsa na sa a ga tamowa har a gidan da rumbu ke cike.

Duk da haka, inda babu, babu ne, kuma a nan hukuma ba ta da mafaka. Maƙwabtanmu na Jigawa, tare da Zamfara, sun ga misali. A ƙarƙashin wani shiri da aka fara biya a 2014, an riƙa ba mata masu ciki Naira 3,500 kowane wata har yaro ya cika shekara biyu, tare da nasiha a kan shayarwa da ciyarwa, ga mata da kuma mazajensu. Masu binciken da suka bi sawun shirin sun tarar shayar da nono zalla ta ƙaru ƙwarai, tsumburewa kuma ta ragu. Darasin shi ne nasiha da tallafi tare suke tafiya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A kwatanta wannan da tsadar jinya. Yaron da zaren awo ya nuna kaurin dantsensa bai kai santimita 11.5 ba, yakan bukaci kusan katan guda na abincin tamowa na cikin leda, mai ƙunshi 150, cikin mako shida zuwa takwas. Yawancin kuɗin wannan abinci daga ƙasashen waje yake zuwa, kuma a 2025 Amurka da wasu ƙasashen Turai sun zaftare taimakon da suke bayarwa. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da maƙwabci bai ɗora ba da yunwa zai kwana. Nonon uwa kuwa ba ya jiran jirgin ruwa, ba ya jiran sa hannun wani a Washington.

Muna da magana ta musamman ga ma'aikatan gwamnati, domin a gidajensu matsalar takan sake kama. A nan gwangwanin madara da bulumboti ne ke maye gurbin nono, wani lokaci don uwa ta koma aiki, wani lokaci don a nuna wayewa. Tun a 1939 Dokta Cicely Williams, likitar da ta bayyana cutar kwashiyoko a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta yi kashedi a kan tallan madarar gwangwani ga matalauta. A 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙa'idar hana irin wannan talla, Nijeriya kuma ta kafa dokarta mai lamba 41 a 1990, aka gyara ta a 1999, hukumar NAFDAC ce ke da alhakin tsare ta. Wajibi ne a tabbata ba a raba samfurin madara ko kalandar kamfani a ɗakunan haihuwa. Haka nan ba daidai ba ne hukuma ta ce wa malamar makaranta ta ba da nono zalla wata shida, sa'an nan ta kira ta aiki kafin lokacin. Jihar Legas ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida a 2014, Kaduna ta bi sawu a 2019. Ya kamata kowace ma'aikaciya a Jihar Katsina, ta jiha da ta ƙaramar hukuma, ta sami irin wannan hutu a takarda da kuma a aikace, a kuma ware ɗaki a sakatariya da makarantu inda mai goyo za ta shayar cikin sutura.

Ɗalibai kuma, musamman na Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Daura da sauran manyan makarantun garin, ku ne za ku riƙe ɗakunan shan magani na ƙauyuka gobe. Ku koyi yadda ake nuna wa uwa riƙon jariri da kama nono, domin yawancin ciwon kan nono da kukan “nonona ba ya isa” daga kuskuren kamu suke. Ku koyi sauraro kafin magana. Wanda ya shiga gida yana kiran al'adar mutane jahilci, da shi da maganarsa za a raka su ƙofa. Ku tuna dakashi da dauri da yaye duk suna da sunaye a harshenmu, saboda haka da harshenmu za a yi gyaran.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi biyar na masarautar da su sa ɗan alawus na masu ba da shawara a unguwanni cikin kasafin kuɗinsu na kowace shekara, kada a bar shi ga ƙungiyoyin waje waɗanda shirinsu ke da ranar ƙarewa. Makon shayarwa na duniya da ake yi daga 1 zuwa 7 ga Agusta yakan zo daidai tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yi yawa. Maimakon taro a babban ɗaki da jawabai da rabon riguna, a mai da shi makon da kowane hakimi zai karɓi rahoto daga dagatansa: jarirai nawa aka haifa, nawa aka ziyarta, nawa zaren awo ya nuna ja. Abin da shugaba ke tambaya a kai, shi mabiya ke kula da shi.

Daura gari ne da tarihinsa ya ginu a kan sarautar mata da kuma rijiyar da aka buɗe wa jama'a. Bai dace a ce a ƙasar Daurama ne yara ke ƙanjamewa alhali abincinsu na farko yana ƙirjin uwayensu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu, in suka wuce ba sa dawowa. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.